Waken da Turai ta ƙi karɓa: nazarin lamarin Sniper daga sito zuwa tukunya

Duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa awo ya san yadda ake sayen wake. Za ta tsoma hannu cikin buhu har wuyan hannu, ta ɗebo daga ƙasa, ta baza a tafinta, ta juya wajen haske. Huda take nema. In ta ga ƙwaya uku ko huɗu da ƙwaro ya fasa, sai ta watsa shi cikin buhun ta ce, "Haba Malam, wannan ai ya fara zama gari, sai dai ka rage." Mai wake kuwa ya san in ya ja da ita, rumfar gaba za ta nufa. Cinikin bai wuce minti biyu ba, amma daga shi duk wannan lamari ya tsiro, domin hudar ƙwaro ana ganinta da ido, guba kuwa ba a gani.

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, tana samar da sama da tan miliyan 3 a shekara, Nijar na biye da ita. Kusan duk waken daga arewa yake fitowa, kuma duk da yawansa ba ya isarmu, sai an ƙaro daga Nijar ta Maigatari da Jibiya da Illela. Daga kasuwannin ƙauye yake taruwa a manyan kasuwanni irin Dawanau ta Kano da Potiskum, daga can a loda shi zuwa Legas da Ibadan da Onica. Da kaka yana araha, da bazara da farkon damina yana tsada. Ribar ɗan kasuwa tana cikin wannan tazarar ta wata biyar ko shida, kuma a cikinta ne ƙwaron wake yake cin karensa babu babbaka.

Ƙwaron nan tun daga gona yake biyo wake. Macen tana manna ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta haƙa ta shige ciki, ta ci ta girma a ɓoye. Hudar da ake gani ƙofar fita ce, wato ɓarnar ta riga ta auku. Cikin wata guda, ko ƙasa da haka in ana zafi, an samu sabon zubi, su ma su zuba nasu ƙwan. Buhun da aka ajiye lafiya lau a watan Nuwamba, in ba a yi masa komai ba, kafin Afrilu in ka kara kunne za ka ji ƙas-ƙas a cikinsa, in ka taɓa ka ji ɗumi. Iyayenmu na da dabarunsu: a gauraya da toka ko yashi mai laushi, a sa barkono ko ganyen darbejiya, a bar shi cikin kwanso a rumbu, ko a toshe shi a tulu a liƙe da laka. Waɗannan suna aiki ga mai tiya ashirin. Mai buhu ɗari biyar a sito ba zai nemo tokar da za ta ishe shi ba.

Sai ga kwalba mai arha a kowane kanti. Sniper sunan da kamfani ya sa wa wannan maganin ƙwari ne, sinadarin da ke ciki shi ne wanda ake rubuta wa DDVP a jikin kwalabe, kuma akwai wasu sunaye da dama masu ɗauke da shi. Shi ne dai ake tsinkawa a zuba a ƙananan kwalaben allura a sayar da sunan fiya-fiya, a yayyafa a ɗaki saboda sauro da kyankyasai da kuɗin cizo. An yi masa rajista ne domin feshin gona, bayan an sirka shi da ruwa mai yawa, domin abin da ke cikin kwalbar kakkaura ne, giram 1000 a lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin magungunan ƙwari masu haɗari sosai. Yana kashe ƙwaro ta hanyar rikita saƙon jijiyoyi, kuma jijiyar ɗan Adam ba ta fi ƙarfinsa ba. Wanda ya shaƙa ko ya sha da yawa zai fara dalalar da yawu, gumi ya keto masa, ya yi amai da gudawa, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya gagara. A asibiti akwai allurar aturofin da ake ceto da ita. A gida kuwa abin da aka saba shi ne a ɗura wa mutum manja ko madara, a ɓata lokacin da ya kamata a ce yana kan hanyar asibiti.

Na taɓa tsayawa a bakin wani sito ina kallon yadda ake yi. An shimfiɗa tamfol, an juye buhuna, yaro ɗaya ya huda murfin gorar ruwa da ƙusa, ya tsiyaya maganin a ciki da ɗan ruwa, yana matsawa yana yayyafawa, wasu biyu suna juya waken da shebur, wani lokaci da ƙafa. Ba safar hannu, ba takunkumi, sai ɗan rawanin da ɗayansu ya naɗe hanci da shi. Awon maganin da murfin kwalba ake yi, in mai kaya na jin ajiyar za ta yi nisa a ƙara murfi ɗaya. Na ce wa mai siton, "Alhaji, wannan ba zai cutar da mai ci ba?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan'uwa, kafin a fitar da shi ai ya huce. Ni ma shi ake dafa mini a gida." Ban ji alamar ƙarya a bakinsa ba. Kuma maganarsa ba duka ce ta faɗi ba, domin DDVP yana da saurin bin iska. Inda gizo ke saƙar shi ne, babu wanda ke rubuta ranar da aka sa magani a jikin buhu. Wanda ya sa da nufin ajiyar wata shida, in farashi ya tashi bayan sati biyu zai sayar. Wanda ya saya bai san an sa ba, sai ya sa nasa. Mai awo a Legas ya ga ƙwaro ɗaya na yawo, ya ƙara na uku.

Ba a 2015, shekarar da Turai ta ƙi karɓar wakenmu, abin ya fara ba. Tun 1996 aka yi ruɗanin "wake mai kisa" a Legas, mutane suka ƙaurace wa wake na wani lokaci. A 2008 an kwantar da mutane sama da ɗari a Bekwarra ta jihar Kuros Riba bayan sun ci abincin wake, yara biyu suka rasu, a shekarar kuma ɗalibai mata fiye da ɗari a wata makarantar sakandare a jihar Gombe suka kwanta bayan cin wake. A wannan shekarar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, lokacin Dora Akunyili na shugabanta, ta haramta magungunan gona guda 30. Kowane karo an yi ihu, an yi sanarwa, kura ta lafa, an koma gidan jiya.

Abin da ya bambanta 2015 shi ne, wannan karon wasu ne daga waje suka riƙa aunawa suna rubutawa. Daga Janairun 2013, ƙasashen Tarayyar Turai sun shigar da rahoto fiye da 50 a kan busasshen wake daga Najeriya, kusan dukansu saboda DDVP, wanda tun 2007 suka daina yarda a yi amfani da shi a kan amfanin gona. Iyakar da suka sa ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, wato giram ɗaya tak a tan 100. Abin da aka samu a waken namu ya kama daga 0.03 har zuwa 4.6, wato a wani wajen ya ninka iyakar sau 460. A watan Yunin 2015 suka dakatar da shigar da waken na shekara ɗaya. Da wa'adin ya cika ba su ga canji ba, suka ƙara shekara uku zuwa Yunin 2019, suka sake ƙara wasu ukun zuwa 2022.

A nan muhawara ta rabu biyu, kuma kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya ƙi kallon ɗayan. Masu cewa siyasar kasuwanci ce suna da abin faɗa. Wannan 0.01 ba wai layi ne da aka ja tsakanin rai da mutuwa ba. Iyaka ce da Turai ke sa wa duk maganin da ba ta amince da shi ba, kusan daidai da mafi ƙanƙantar abin da na'ura ke iya ganowa. Don haka wanda ya ce kowane waken da ya haura 0.01 kisa yake yi, ya wuce gona da iri. Suna kuma nuna cewa akwai magungunan da Turai ta hana manomanta amfani da su amma kamfanoninta na ci gaba da sarrafa su suna sayar wa ƙasashe irin namu, wannan ma gaskiya ne. Sai dai takardar dakatarwar ba a kan haura iyaka kaɗai ta tsaya ba. Ta ce yawan da aka samu ya zarce, nesa ba kusa ba, abin da masanansu ke ganin jiki zai iya ɗauka a ci ɗaya. Wannan ba maganar kwastan ba ce, maganar ciki ce.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka ɗauki lamarin a gida. Kusan duk jawabin da aka yi daga Abuja a shekarun nan, kan kuɗin shiga da martabar ƙasa ya karkata: yaya za a yi a ɗage takunkumi, wace hukuma ce za ta riƙa ba da takardar shaida a tashar jirgin ruwa, NAFDAC ce ko hukumar killace amfanin gona. An kafa kwamitoci, an yi taruka a otal. Alhali waken da ake kaiwa Turai ɗan kaɗan ne in aka gwada da wanda ake nomawa, galibi ma 'yan Najeriya mazauna can ne ke sayensa. Daga irin buhunan Dawanau ɗin nan aka ɗebi wanda aka auna a can. Ragowar, wanda ba wanda ya auna, shi ne ya zama ƙosan safe da alalar rana da garau-garau na 'yan makaranta. Tambayar da ta kamaci kowa ita ce me ke cikin tukunyarmu, amma aka fi shekara uku ana tambayar me ke cikin kwantena.

Sai a watan Nuwamban 2018, da bidiyo ya yaɗu a waya na wasu suna zuba Sniper a kan wake, aka waiwayi mai ci. Hukumar kare haƙƙin masu saye, ƙarƙashin Babatunde Irukera, ta fitar da gargaɗi, ta ba da shawarar a wanke wake sosai a tafasa shi a zubar da ruwan farko kafin a dafa. Shawara ce mai amfani, wanki da tafasa suna rage maganin. Amma wanda ya rubuta ta da alama wake da shinkafa kaɗai ya tuna. Mai ƙosai da mai alala ba sa tafasa wake, jiƙawa suke yi su surfe su wanke su kai markaɗe, su dai Allah Ya taimake su surfen yana tafiya da ɓawo. Garin ɗanwake fa? Busasshen wake ake haɗawa da rogo ko dawa a kai inji a niƙa, sau da yawa ko ruwa bai gani ba. Ba wanda ya yi wa mai ɗanwake magana, kuma ita ce ke ciyar da rabin unguwa.

Jama'a kuwa, da ba su sami abin kamawa ba, sai suka ƙirƙiro nasu ma'aunin. Aka fara cewa a sayi wake mai ƙwari, wai shi ne shaidar ba a sa masa magani ba. Dubi yadda abu ya juye: hudar da ake rage wa kuɗi saboda ita, ta koma takardar shaida. Dabarar ba ta da tabbas ko kaɗan. Ana iya sa magani bayan ƙwaro ya riga ya huda, ai lokacin ne ma aka fi zubawa. Mafi muni, ma'aunin yana hukunta wanda ya yi daidai, domin waken da aka adana ba tare da magani ba a cikin buhu mai toshe iska, fes yake fitowa, ba huda ba ƙwaro, sai a yi masa kallon tuhuma.

A watan Yunin 2019 NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sanar da cewa daga 1 ga Satumba ba za a ƙara sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni da manyan kantuna ba, sai wajen dillalan kayan gona da aka amince da su, ta kuma hana ƙananan kwalabe na mililita 100 zuwa ƙasa. Abin lura, ba wake ne ya kawo wannan mataki ba. Yawaitar labaran matasa masu kashe kansu da maganin ne ya tayar da hankalin ƙasa. Matakin ya dace, ko da ya zo a makare. Amma a 2024 hukumar ta sake fitowa tana gargaɗi a kan masu adana abinci da DDVP, wanda ya nuna tsugune ba ta ƙare ba.

Yanzu ga masana'antar kanta, wato masu shigo da magani da masu rarraba shi da ƙungiyarsu. Amsarsu a irin wannan lokaci ɗaya ce, ba ta canzawa: maganin yana da rajista, ba shi da laifi in an bi ƙa'ida, matsalar ta masu amfani da shi ba daidai ba ce, a karanta abin da ke jikin kwalba. Kowace jimla a nan gaskiya ce in ka ɗauke ta ita kaɗai. In ka haɗa su kuma, sai ka ga an tattara laifin kaf an ɗora wa yaron da ke riƙe da gorar ruwa mai hudajjen murfi. To, ɗauki kwalbar ka duba. Bayanin da Turanci yake, da ƙananan haruffan da mai digiri ma sai ya matso da su kusa da ido. Akwai zanen launi a gindin takardar, ja ga mafi haɗari, sai rawaya, shuɗi, kore, tsari ne na duniya mai kyau, amma tambayi masu feshi goma ka ji nawa ne aka taɓa faɗa wa ma'anarsa. Talla kuwa da Hausa tsantsa ake yin ta, har da kiɗa da kirari, a rediyo da bayan mota ranar kasuwa. Wanda ya iya nemo maroƙi ya wasa maganinsa da Hausa, bai rasa wanda zai fassara masa gargaɗi ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Ga kuma ƙaramar kwalbar nan. Manomin da zai fesa kadada biyu ba ya sayen mililita 100. Wanda ya ƙera wannan girman, ya kai shi kantin unguwa kusa da sabulu da ashana, ya san ba gona za ta ba. Wannan ma magana ce, kuma ta fi duk abin da aka rubuta a jikin takarda ƙarfi, domin ta ce wa mutane wannan kayan gida ne.

Ba na wanke ɗan kasuwa. Akwai waɗanda suka sani sarai, suka zaɓi riba, har suna ware na cin gidansu daban. Wake ɗaya ke ɓata gari. Amma galibinsu ba wanda ya taɓa zama da su ya ce ga maganin ajiya na ainihi, irin hodar Actellic, ga awonsa, ga kwanakin jira. Malamin gona, inda ma akwai shi, gona yake zuwa, ba ya shiga sito. Makarantar mai sito ita ce mai shagon magani, wanda shi ma abin da ya sani daga wanda ya sarar masa ya ji. Haka ake yi da ƙwayar nan da ake kira bom, mai fitar da iskar fosfin in ta ji danshi. An yi ta ne domin rufaffen sito da ƙwararrun ma'aikata, amma za ka ga an ƙulle ta a tsumma an cusa a buhu, an jingine buhun a ɗakin da yara ke kwana. Ita kuwa ba ta da makari.

Abin takaicin shi ne mafita ta daɗe a hannu, kuma har a ƙasar nan tamu an gwada ta. Tun ƙarshen shekarun 1980 masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka, cikinsu har da Larry Murdock, tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, suka fito da dabarar buhu mai ruɓi uku: leda mai kauri biyu a ciki, buhun saƙa a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi daban. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe ɗan iskar da ta rage, su daina ci, su bushe su mutu. A 2007 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin yaɗa shi da sunan PICS, masu bincike a Maraɗi suka yi aiki sosai a kansa, kuma a Kano ma ana ƙera shi. Yadda aka tallata shi abin koyi ne. Ba a tsaya ga takarda ba. A gaban jama'ar ƙauye ake cika buhu a ɗaure da kaka, a ajiye wajen wanda aka yarda da shi, bayan wata huɗu ko fiye a sake tara mutane a kwance a gabansu, kowa ya tsoma hannu. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Manomi ya gani a ƙasa, ya kuwa karɓa, musamman domin waken da zai ci da iyalinsa.

Inda buhun ya ci tura shi ne wajen babban ɗan kasuwa. Buhun ya fi na yau da kullum tsada, kuma kwalba ɗaya tana wadatar da buhuna da yawa. Ɗaure ruɓi uku yana cin lokaci in kaya na sauka daga mota. 'Yan dako suna da ƙugiya, dillali yana da ɗan bututun ƙarfen da yake soka wa buhu ya ɗebo samfur, kuma huda ɗaya ta isa ta lalata aikin. Ɓera ma haka. Ga jabu sun shigo da leda marar kauri, wanda ya gwada su ya yi asara ya ce dabarar ce ƙarya. Sama da duka, in ya jure duk wannan ya kawo wakensa kasuwa, ba a ƙara masa ko sisi a kan na maƙwabcinsa mai fiya-fiya, domin ba tambari, ba rumfa ta daban, ba na'urar gwaji a bakin kasuwa da za ta raba su.

Ko sabon irin nan SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a ƙarshen 2019, ya faɗa cikin wannan ruɗani. An yi ta cewa wake ne mai maganin ƙwari da kansa, kuma gaskiya yana rage yawan feshi a gona, domin yana jure wa tsutsar da ke cin fure da kwanso. Amma ƙwaron sito daban ne, wannan irin ba ruwansa da shi. Wanda ya ji rabin bayanin a rediyo ya ajiye shi haka nan, zai buɗe buhu da bazara ya ce an yaudare shi, ya koma wajen mai shagon magani.

Kwanaki na bi wata 'yar'uwata awo. Ta tsoma hannu kamar yadda mahaifiyarmu ke yi, ta baza a tafi, ta duba, ba huda ko ɗaya. Sai ta kai shi hanci ta shinshina, ta ɗago ta kalli mai waken ta ce, "Baba, tsakaninka da Allah, an sa masa magani?" Ya ce, "Wallahi Hajiya, ni dai ban sa ba, haka na saro shi." Ta yi shiru tana juya ƙwayoyin a hannu, sannan ta ce ya auna mata tiya biyu, za ta shanya shi a rana kwana uku tukuna.